Mu'allim, Ba Malam Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya rasu wata Alhamis da hantsi a gidansa na unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira, bayan wata huɗu yana fama da tarin da ya ƙi yarda a kira shi ciwo. Bayan la'asar muka kai shi maƙabartar bayan gari ta hanyar sahara.

Layinsu ya yi ƙunci a kafa rumfar makoki irin ta Misirawa, sai aka jera kujerun roba tun daga bakin shagonsa har wajen mai guga. Ɗalibai 'yan ƙasarmu suka yi ta zuwa daga unguwar Abbasiya da gogaggun jallabiyoyi, kowa ya yi addu'a da Larabcin da ko ni mai gyaran takardu ban samu abin ja wa jan layi ba. 'Yan kasuwar Nijar suka zauna gefe guda suna magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci. Wani tsohon direban ofishin jakadanci, Kirista daga wajen Bauchi, ya wuni a kujera ɗaya, abin da yake iya cewa kawai shi ne, "Mutumin kirki ne." Matar Kawu, Bahaushiyar Sudan da muke kira Hajiya, tana sama tare da mata tana aiko mana da baƙar gahawa marar sukari, yadda ake sha a makokin ƙasar nan.

A rana ta biyu wata tsohuwar ƙaramar bas ta tsaya a bakin layi. Ƙauyawa huɗu suka fito da rawunansu, a gabansu limamin coci, baƙar riga har ƙasa, farin gemu, gicciye a ƙirji. Ɗalibin da ke kusa da ni ya sunkuyo.

"Ustaz, ina jin waɗannan ɓatan gida suka yi."

Limamin ya tsaya wajen mai guga ya ce, "Nan ne gidan Mu'allim?"

Aka nuna masa ni. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya fara yi mini gaisuwa, sai maganar ta tsaya masa. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya tsaya a tsakiyar layi yana kuka, hawaye na shiga gemunsa. Ɗalibai suka duƙufa kallon takalmansu. Tun daga ƙauyukan Fayyum suka taso bayan fitowar rana.

A daidai lokacin ana wani zaman makokin a Gumel, a ƙofar gidanmu. Yayana ya turo mini saƙon murya na jawabin da aka yi a can: gari ya yi rashin kogin ilimi, wanda ya shekara arba'in yana karantar da Larabawa a ƙasarsu. Daga nan Inna, mahaifiyata, ta karɓi wayar.

"Ka tattara littattafan Malam, kada ko ɗaya ya ɓace. Na yi wa liman alkawari, za a yi musu ɗaki a masallaci da sunansa."

Na ce, "To, Inna."

Kawu bai bar littattafai ba. Ban da abin karatunsa na safe da wani kundin zane da ya ci gefe, abin da ya bari shi ne akwatuna goma sha wani abu na guntayen gilashi, an ware su launi-launi. Inna ba ta taɓa sanin sana'ar ƙanenta ba. Ta kusa tamanin, tana da hawan jini, kuma a duniya ba ta da abin alfahari sama da shi. Ni kaɗai ne a dangi na san gaskiya, don haka ko na faɗa mata, ko na sayi littattafai a kasuwa na aika. Yayana, da na gaya masa, littattafan ya zaɓa nan take.

Kalma ɗaya ce ta jawo wannan duka, kuma a matsayina na mai koyar da Larabci dole na amsa cewa kalmar ba ta yi ƙarya ba. Kawu ya zo Alƙahira yana saurayi don karatun addini. Inna ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goye shi, ita ta kafe sai ya yi karatu. Nahawu ya kayar da shi sau biyu a jere, aka sallame shi, ya kasa komawa gida da wannan labari. Yana gararamba a tsohon gari ya tsaya ƙofar shagon wani tsoho, daga Kiristocin Masar da ake kira Kibɗawa, yana kallon yadda yake yin ƙamariyya. Ƙamariyya taga ce da ba a buɗewa. Ana kwaɓa gibs, wani farin gari mai daskarewa, a zuba a katako, a sassaƙa ado a jikinsa yana da sauran danshi, sannan a toshe kowace ɓula da gilashi mai launi ta baya. Tsohon ya gaji da ganinsa a tsaye ya miƙa masa tsintsiya. Daga shara ya kai ga kwaɓi, daga kwaɓi ya kai ga wuƙa.

Bayan shekara goma wani ɗan'uwanmu ya biyo ta Alƙahira a hanyarsa ta aikin Hajji. Kawu ya kankare hannunsa, ya sa farar jallabiya ya tarbe shi. Suna tafe a layi mai gahawa ya ɗaga hannu, "Ya Mu'allim." Mahauci ya ajiye wuƙa, "Tafaddal ya Mu'allim." Ɗan'uwan ya koma Gumel ya ce ya gani da idonsa, Larabawa da kansu Mu'allim suke kiransa, har mahauta miƙewa suke yi. Abin da bai sani ba shi ne a bakin Bamisire, mu'allim shi ne wanda ya ƙware a sana'ar hannu har ya tsaya da ƙafarsa. Mahaucin da ya gaishe shi ma mu'allim ne. Mai gahawar ma haka. Malamin littafi a nan shaihi ne, ko ustaz, ko duktur. Amma kunnen Bahaushe in ya ji mu'allim, malam ya ji, kuma daga ranar Inna ta daina kiran sunan ƙanenta.

Bai taɓa cewa shi malami ne ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Mutanen gida suka riƙa aiko masa da tambayoyin gado da na saki. Sai ya ɗauka ya kai wa shaihin masallacin unguwa, ya rubuto amsa da kyakkyawan rubutunsa, a ƙasa ya sa, "Haka malamai suka ce." Na ga wasu daga cikin wasiƙun a akwatin Inna. Babu inda ya rubuta "haka na ce." Sau uku kawai ya je gida a shekara arba'in, kowane zuwa in an tura shi gaba ya ja salla sai ya ce matafiyi ne shi, mai gida ya fi cancanta. Aka ƙara masa da tawali'u a kan ilimi.

Ni na zo karatu ina da shekara ashirin da biyu, da takarda a aljihu mai adireshin Shehu Malam. Na tarar da wani mutum a durƙushe a bakin shago, fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, kamar an tsamo shi daga buhun fulawa. Na tambaye shi da Larabcin littafi ko ya san gidan shehin. Ya dube ni ya dubi jakata ya ce da Hausa, "Hancin Yaya ne wannan. Shigo, kada ka taka shuɗin."

Shekarar farko na yi shiru saboda a gidansa nake ci. A ta biyu karatu ya fara shiga kaina, wanda shi ne lokacin da ɗalibi ya fi haɗari. Na shiga shago na tarar yana haɗa wata doguwar taga ta wani irin aikin daban, wanda ake riƙe gilashi da siraran sandunan darma. Mutum ne a jiki, da jar riga da sanda da tumaki a ƙafafunsa. Na tambayi ta ina ce. Ya ce ta wani coci ce a ƙauye.

Na karanto masa abin da na haddace a kan hukuncin yin hoto, mazhaba bayan mazhaba. Yana ji yana goga bakin wani koren gilashi a dutse. Da na ƙare ya ce, "Khalas, Ustaz?" Shi ya fara kirana Ustaz, kuma ba don girmamawa ba.

"Kawu, hoton mutum ne fa, kuma a wurin bautarsu."

"Duba da kyau. Ina fuskar?"

Na duba. Inda kai ya kamata ya kasance rami ne.

"Ni daga wuya zuwa ƙasa nake aiki. Riga, hannu, tumaki, dabino, kifi, duk nawa ne. Fuska ta 'yar maigidana ce, ita take zanawa ta gasa, ita take sawa."

"Wane malami ya ba da wannan fatawar?"

"Ni. Ba ka ji a Gumel an ce ni babban malami ne ba?"

Ban yi dariya ba. Na ce masa mayaudari ne, ya yaudari 'yar'uwarsa, yanzu yana so ya yaudari Ubangiji. Ya ajiye gilashin a hankali. Ya ce ta biyun tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ta farkon kuwa gaskiya na faɗa. Na kwashe kayana na koma Abbasiya wajen ɗalibai. Wata bakwai ban taka layin ba. Duk Juma'a sai na tarar da kwanon abincin Hajiya a wajen mai gadin gidanmu, kuma mai gadin ya ce wani baƙin mutum mai farar gira ne ya kawo, bai yarda ya hau sama ba. Ban san ranar da na huce ba. Na dai san kwanoni sun taru, dole wani ya mayar.

Bayan haka nakan bi shi aiki lokacin hutu, ina riƙe masa tsani. A nan na ga halinsa da masu kuɗi. Wani likita daga Mohandessin, unguwar masu kuɗi, ya gina katafaren gidan hutu a cikin gonakin Fayyum, ya sa Kawu ya yi masa ƙamariyya shida, ya kuma jera masa tayil na tangaran a bangon tsakar gida, irin wanda maginan tukwanen ƙauyukan wajen suke gasawa da hannu. Kawu ya kwana uku yana jera shuɗin tayil a ƙasa kafin ya manna ko ɗaya, yana ɗauke wannan ya kai can, kamar mai shirya sahu. Likita ya zo ya ce shuɗin ba iri ɗaya ba ne, wani ya yi duhu wani ya yi haske, a canza.

Kawu ya ce, "Ya duktur, wanda ya zauna kusa da wuta ya fi duhu, wanda ya zauna nesa ya fi haske. In iri ɗaya kake so, akwai shagon kayan banɗaki a hanya."

Likitan ya haɗiye wannan. Amma da ya ce a sa ƙamariyya ɗaya a bangon da ba ya kallon waje, a kunna mata ƙwan lantarki ta baya don ta yi kyau a hoto, Kawu ya naɗe ta a bargo ya mayar mota. Ya ce ya sassaƙa ɓulolinta a karkace ne don rana ta bi ta ciki ta sauko kan mutumin da ke zaune, kuma hasken ya yi ta tafiya a ƙasa daga safe zuwa yamma. Ƙwai ba ya tafiya. Tana nan a shago har yau.

A ƙauyukan kuwa wani mutum ne daban. Cocin ƙauye ba irin na birni ba ne. Ɗaki ne na bulo da ƙananan ƙubbobi, a bayansa kara da jaki, a gefensa magudanar ruwan gona. Limamin da ya zo makoki, wanda mutanensa ke kira Abuna, wato babanmu, ya san Kawu shekara talatin. In azahar ta yi shi yake cewa, "Mu'allim, lokacinka ya yi," a kawo masa buta, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dabinon bayan coci. Ba su taɓa yin muhawara ba sai a kan shayi. Kawu ya ce na Abuna ruwan wanki ne, Abuna ya ce na Kawu maganin kashe ƙwari ne.

Wata rana muna sa taga a can wata tsohuwa ta zo da abu a ƙulle a gefen mayafinta. Gindin kofin shayi ne, koren gilashi mai kauri, sauran ya fashe. Ta ce da shi mijinta yake shan shayi har ya rasu, ko Mu'allim zai sa shi a tagar. Na san ba zai yiwu ba, don gilashin taga shimfiɗaɗɗe ne, wannan kuwa dunƙule ne. Kawu ya juya shi a hannu ya tambaye ta ina take zama in ta zo coci. Ta nuna masa ɓangaren mata, kusa da bango. Ya ce, "Tamam, ya hajja," yadda ake kiran kowace tsohuwa a ƙasar. Ya cire wani ganye daga kusurwar ƙasa, ya zauna tun hantsi har la'asar yana goga gindin kofin a dutse, ya sake lanƙwasa darma ta rungume shi. Aikin wuni guda ya tafi a kan abin da bai kai tafin hannun jariri ba. A mota na ce masa ya ɓata tsarin ganyen. Ya ce wanda ya san tsarin ganyen mutum biyu ne, shi da ni, kuma ni ba na zuwa coci.

Yana da maganganu na aiki da yake maimaitawa har mun gaji. Yakan ce ba a yanka gilashi, layi ake ja masa a nuna masa inda zai karye. Yakan ce ja ya fi kowane launi tsada da taurin kai, shi ya sa ake ba shi wuri kaɗan. Bai yarda ya zaɓi gilashi a kan tebur ba, sai ya fita layi ya ɗaga shi sama, mutane na kaucewa da kekunansu suna ce masa ma'alish, wato ba komai. Garin gibs da hayaƙin darma kuwa ya shaƙe su shekara arba'in ba tare da ya rufe hanci ba, wai ƙyalle yana sa tabaransa hazo.

A watansa na ƙarshe na same shi da rana a kan kujera a bakin shago, an lulluɓa masa bargo a ƙafa. Na ce ko zai kira Inna ya gaya mata da bakinsa. Ya gyara bargon a ƙafarsa.

"Sau nawa na ɗauki alƙalami. Da na rubuta 'Yaya' sai na ga fuskarta ranar da ta raka ni tasha." Ya yi tari ya huta. "Ina raye kada ka faɗa. In na mutu, kai ne ustaz, ka ba kanka fatawa."

Ya bar taga ɗaya da bai ƙarasa ba a shago, ta cocin Abuna, an gama komai sai fuska. Abuna bai ambace ta ba a wajen makoki. Bayan sadakar bakwai 'yar maigidan Kawu, wadda ita ma yanzu tsohuwa ce, ta zo da fuskar a naɗe a tawul ta sa da kanta. Muka ɗauki tagar a bayan mota, Hajiya ta ba da barguna biyu. Aka ɗora ta da hantsi. Da aka janye tsani rana ta bugo, sai ja da shuɗi da ruwan zuma suka zubo a kan tabarmi da ƙafafun ƙauyawan da suka taru. Abuna ya zagaya da ni ya nuna mini sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wadda aka sa shekarar da aka haifi wane, da wadda aka sa shekarar da ruwa ya ci gonaki. Ya ce akwai irinsu a ƙauyuka da yawa har kudu. Babu sunan Kawu a jikin ko ɗaya.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Da na sayi littattafai, za a yi ɗaki a Gumel da sunan mutumin da ba a taɓa yi ba, wanda aka yi kuwa ya tafi ba a san shi ba.

Na kira Inna washegari bayan azahar, na sa yayana ya zauna kusa da ita. Na faɗa mata tun daga nahawu har mahauci. Ba ta katse ni ba sai da na kai kan coci.

"Coci?"

"Coci, Inna, da gidajen masu hali, da masallatai ma."

"Ya bar salla?"

"Ko sau ɗaya ban gani ba. Limamin cocin ne ma yake tuna masa lokaci."

Na ji numfashinta, sannan wayar ta mutu. Yayana ya turo mini saƙo mai kalma uku da ba zan rubuta a nan ba. Kwana biyu ban iya shiga aji da hankalina ba. Ina tsoron jininta, ina kuma tsoron ta cire ƙanenta daga addu'arta.

A rana ta uku da safe ita ta kira da kanta. Muryarta ta dushe.

"Aikin nan, da wahala?"

"Da wahala, Inna. Shi ya ci masa ƙirji."

"Ya iya?"

"Babu kamarsa a wajen. Mutane sun yi tafiyar rabin wuni don su yi kukansa."

Sai ta ce, "Ni na goye shi. Ya faɗi jarrabawa ya rasa wanda zai gaya wa, ashe ni yake tsoro." Ta ja hanci. "Shekara arba'in, duk wasiƙa, duk waya, 'Malam ya karatu, ya ɗalibai.' Yana amsa mini 'alhamdu lillahi.' Yaron nan yana can yana cin ƙura, ban taɓa ce masa sannu da aiki ba."

Daga nan ta tambaye ni.

"Kabarin da nisa daga wajenka?"

"Mota biyu ne, Inna."

"Ka je. In ka yi masa addu'a ka ce Yaya ta ce sannu da aiki. Da Hausa za ka faɗa, ban son Larabcin nan naku."

Na je ranar Juma'a da safe. Na yi addu'ar, na tsuguna daidai kansa na isar da saƙon yadda aka ba ni.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana, ya ba Inna da Hajiya haƙurin rashinsa.